Asibitin da ya gano ciwon hanjin ɗana: abin da suka iya da abin da ya rage musu

Iyaye mata da dama sun tare ni a makarantar da nake koyarwa suna tambaya ko asibitin cikin da muka kai ɗana, inda aka gano yana da kumburin babban hanji mai gyambo (alsaratib kolaitis), ya cancanci kuɗin da muka zuba. Ya cancanta. Amma ba gininsa ne ya sa na ce haka ba, ba kuma na'urorinsa ba, kuma akwai abubuwan da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Tunda zan faɗi aibinsa, ba zan kama sunansa ba. Asibitin kuɗi ne matsakaici a cikin Kano, yana da likitar yara da ta ƙware kan ciki da hanji, tana zuwa wasu ranaku a mako, yana kuma da ɗakin da ake leƙa hanji da na'ura.

Yaron shekararsa 9. Da damina abin ya fara: gudawa da jini da majina. Kowa ya ji sai ya ce atini, kuma babu laifin kowa, don a garin nan yaro goma da ke kashin jini kusan duk atinin ne. Mai kemis ya ba da Flagyl, abin ya ɗan lafa, ya dawo. Aka sake, aka haɗa da wani maganin, ya kuma dawowa. Hajiya, kakarsa ta wajen uba, ta ce basir ne, wata maƙwabciya ta ce ɗan kanoma ne yake shirin fitowa, aka kawo jiƙo da sassaƙe. Kafin sanyi ya shigo yaro ya ɗashe, wandon makarantarsa sai da na rage masa ƙugu, ga shi yana tashi cikin dare da gudu zuwa banɗaki. Wani lokaci ya shiga ya daɗe yana nishi, abin da zai fito bai fi cokali ba, jini ne da majina, ya fito ya ce, "Umma, kamar ban gama ba." Malamin ajinsu ya aiko cewa ya cika neman izinin fita. Wani likita a asibitin gwamnati ne ya dubi tarin takardun maganin da muka sha, ya ce atini ba ya wata da watanni haka bayan an ba shi maganinsa daidai, ya rubuta mana takarda zuwa wajen ƙwararriya.

Abin da ya fi komai daraja a asibitin nan shi ne zaman farko da likitar, kuma shi ne mafi arha a cikin duk abin da muka biya. Ba ta taɓa biro don rubuta magani ba. Tambaya ta yi ta yi, kuma yawanci yaron take tambaya, ba ni ba.

"Ɗan Baba, in ka ji kashi, kana iya riƙewa har ka isa banɗaki?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce in ɗan juya baya in duba wayata. Sai ga shi yana faɗa mata cewa ya taɓa ɓata wando a makaranta ya wanke da kansa a famfo. Ni da na haife shi ban sani ba.

Ta tambayi sau nawa yake zagayawa a yini da dare, jinin a gauraye yake da kashin ko a bayansa yake ɗigowa, ciwon cikin yana hana shi wasa ko yana iya mantawa da shi. Ta tambaya ko yana wanka a kududdufi ko dam in mun je ƙauye, saboda tsargiya ba fitsarin jini kaɗai take sa wa ba, akwai irin da ke zama a jijiyoyin hanji ta sa kashin jini. Ta tambaya ko akwai mai tari mai daɗewa a gida, saboda tarin fuka yana kama hanji. Ta tambayi dangi, ko akwai mai irin wannan ciwon. Ta tambayi wane maganin ciwon jiki muke ba shi, da na ce ibufurofen saboda yana kukan gwiwa, ta ce a dakatar daga yau, irin waɗannan magungunan suna iya tsananta kumburin hanji. Ciwon gwiwar ma ta rubuta shi da kyau. Ta ce cutar da take zargi, wato kumburin hanji mai daɗewa, ba ta tsayawa a hanji kaɗai: tana taɓa gaɓoɓi, tana sa jan ido mai zafi, tana fito da jajayen ƙulluwa masu ciwo a ƙwauri, wani lokaci har hanyoyin ɗaci na hanta.

Sannan ta auna nauyinsa da tsayinsa ta ɗora a kan jadawalin girman yara, ta duba ƙasan idonsa da tafin hannunsa da cikin bakinsa da ƙwaurinsa. Kafin ta duba duburarsa sai da ta nemi izininsa, ta sa aka ja labule. Tsagewa take nema ko ƙurji ko wata ƙofa da ke tsiyaya, don waɗannan sun fi nuna 'yar uwar cutar, wadda ake kira cutar Kron. Ba ta ga komai ba. Basir ma babu, kuma ta ce basir na gaske ba kasafai yake kama yaro mai shekara 9 ba. Wannan maganar na so a ce Hajiya tana wurin ta ji da kunnenta.

Wani abu da ya burge ni: ta juyo da takardarta ta nuna mini yadda take ba amsoshinmu maki. Ma'auni ne da ake kira PUCAI, likitocin yara a Kanada suka fito da shi a 2007. Abu shida ake dubawa: ciwon ciki, yawan jini, kaurin kashi ko ruwansa, sau nawa a awa 24, tashin dare, da yadda ciwon ya rage wa yaro kuzari. Makin daga 0 ne zuwa 85. Ƙasa da 10 ciwon ya kwanta, 10 zuwa 34 mai sauƙi ne, 35 zuwa 64 matsakaici, daga 65 zuwa sama mai tsanani ne, wanda sai an kwantar da yaro. Ɗana ya tashi da 60. Ni malamar lissafi ce, abin da aka sa wa lamba ya fi zauna mini a kai fiye da "da sauƙi" da "Alhamdulillah" da muke amsa wa likita da su ko yaro yana galabaita. Har yau da wannan ma'aunin nake bin jikinsa a gida, kuma ba ya buƙatar allura ko gwaji, tambaya ce kawai.

Daga nan aka shiga gwaje-gwaje, kuma a nan ne haƙurina ya kusa ƙarewa. An karɓi kashi ba sau ɗaya ba, a ranaku daban-daban, ana neman amiba mai kawo atini, da ƙwan tsargiya, da ƙwayoyin cuta irin su shigela da salmonela. An nemi wata ƙwayar da ke bunƙasa a hanjin wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa, kuma mu dai mun sha. An ɗebi jini: jininsa ya yi ƙasa, sinadarin ƙarfe na jikinsa ya ragu, alamun kumburi sun hau, sinadarin albumin, wani furotin da ke cikin jini, ya ɗan sauka. An duba hanta. An ɗauki hoton ƙirji. Akwai kuma gwajin kashi mai tsada da ake kira kalfrotektin, wanda ba sa yi a nan, sai da aka aika Legas. Sinadari ne da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa a cikin hanji in yana kumbure. Likitar ba ta ɓoye mini iyakarsa ba: yana nuna akwai kumburi, amma ba ya faɗin abin da ya kawo shi, don atini ma yana ɗaga shi. Ta kuma ce akwai yaran da ke da cutar amma gwajin jininsu ya fito lafiya ƙalau, musamman in mai sauƙi ce, don haka jini mai kyau ba ya wanke yaro.

Babansa ya gaji, ya ce mata, "Likita, in kin san ciwon ki ba shi magani mana, yaron nan ƙarewa yake yi."

Ta ce, "Alhaji, maganin da ke kashe wutar wannan ciwo yana danne garkuwar jiki. In amiba ce a hanjinsa na ba shi, hanjin zai iya ɓulewa. In tarin fuka ne, na buɗe masa ƙofa. Gara ku ji haushina na mako biyu."

Mun ji haushin nata kuwa. Amma wannan amsar ita ce dalilin da ya sa nake tura mutane wurinta. A ƙasashen Turai, inda cutar ta fi yawa, likita zai fi saurin zarginta. A nan aikin ya ninka: sai ka kawar da duk cututtukan da muke da su a jibge kafin ka isa ga wadda ba a saba gani ba, kuma ba ka da damar tsallake ko ɗaya. Mai gaggawa zai yi ɗayan biyu, ko ya yi ta ɗura wa yaro Flagyl shekara guda, ko ya ba mai amiba maganin da zai hallaka shi.

Yanzu ga inda asibitin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce.

Kafin a leƙa hanji sai an wanke shi tas. Aka miƙo mana garin magani da takarda mai shafi biyu, da Turanci zalla, ƙananan haruffa, kuma da gani ta manya ce aka yi wa gyara da biro. Ni na iya karantawa. Matar da ke bayana a layi, daga wani ƙauye ta zo da 'yarta, juya takardar kawai take yi, ma'aikaciyar kanta kuma ta riga ta kira na gaba. Ni na zauna na fassara mata a kan benci. Asibitin da ke karɓar irin wannan kuɗin a tsakiyar Kano bai da hujjar rashin takarda da Hausa, ko ma'aikaciya ɗaya da za ta zauna minti biyar ta yi bayani: ranar jajibiri ba tuwo, ba shinkafa, ba ganye, sai ruwa-ruwa mai haske irin romo da aka tace da shayi ba madara, kuma ban da zoɓo ko duk wani abu ja, don kada a ɗauke shi jini.

Shan maganin kansa azaba ne. Ruwa ne mai yawa, mai ɗanɗanon gishiri-gishiri, ga yaron da dama cikinsa ba lafiya. Ya sha rabi ya amayar. Lambar da aka rubuta a ƙasan takardar "don tambaya" na kira ta har na gaji, babu wanda ya ɗauka. Da dabara muka ƙarasa, muna sanyaya shi a firji yana kurɓa kaɗan-kaɗan da tsinken shan lemo. Washegari da na yi ƙorafi aka ce wayar tana ofis, ofis kuma ana rufe shi da magariba. To me ya sa aka rubuta ta?

Ranar aikin an ce mu zo da sassafe, ba ci ba sha. Ba a shiga da shi ba sai bayan azahar, wai mai sa barci yana wani asibitin. Yaro mai ƙarancin jini, wanda ya kwana yana gudawar wankin hanji, a bar shi a kan kujerar roba har leɓensa ya bushe. Sai da na ɗaga murya aka sa masa ƙarin ruwa. Banɗaki kuwa guda ɗaya ne tak a wajen jira, can ƙarshen baranda, maza da mata da yara, a asibitin da kusan duk wanda ya zo matsalarsa ke nan. Butar ma ɗaya ce. Wannan ba sai an sayo na'ura daga waje ba, tunani kawai yake so.

Aikin da kansa ban da abin cewa. An sa shi barci gaba ɗaya, bai san an yi ba, ya farka yana neman burodi. Abin da ban zata ba shi ne ta sama da ta ƙasa aka leƙa: kolonoskofi ta dubura har ƙarshen ƙaramin hanji, sannan wata na'urar ta baki zuwa tumbi. Na tambayi dalili tunda jinin ta ƙasa yake fita, don na ɗauka ƙarin kuɗi ake nema. Ta ce ƙa'idar binciken yara ke nan, wadda ƙungiyar likitocin cikin yara ta Turai ta tsara, ana kiranta ƙa'idar Porto, an sabunta ta a 2014: duk yaron da ake zargi da kumburin hanji mai daɗewa a leƙa shi sama da ƙasa a ɗebi tsoka, saboda a yara raba wannan cuta da cutar Kron yana da wuya, kuma Kron tana iya ɓuya ko'ina daga baki har dubura.

Ta kira mu ta nuna mana hotunan a kwamfuta. Lafiyayyen hanji fatarsa sumul take, ana hango 'yan jijiyoyin jini a jikinta. Nasa ja ne jawur, ya yi gurji-gurji, jijiyoyin sun ɓace, inda na'urar ta ɗan goga sai jini. Kamar dasashin da ya kumbura, ka taɓa da asuwaki ya fashe. Ta bi da mu daga dubura zuwa sama, kumburin a jere yake babu inda ya tsallake, har ya zagaye babban hanjin duka. Da aka shiga ƙaramin hanji sai ga fata lafiya. Tumbi ma lafiya. Ta ce wannan jerin, farawa daga ƙasa a hau ba tsallake, kuma a saman fatar hanji kawai, shi ne halin cutar da likitoci ke kira alsaratib kolaitis, wato kumburin babban hanji mai gyambo. Kron tsalle take yi, nan ciwo can lafiya, kuma tana cin bangon hanji har ciki. Ta ƙara da cewa a manya cutar takan tsaya a dubura ko ɓangaren hagu, amma a yara mafi yawansu tana cin babban hanjin da nisa ko ma duka tun farko, shi ya sa takan fi yi musu tsanani. A rahoton an rubuta E4, lambar da ke nufin duka babban hanji a tsarin rarrabawa na Paris na 2011.

Duk da haka ba ta yanke hukunci ba sai da sakamakon tsokar ya dawo. An ɗebo 'yan mitsi-mitsi daga wurare da yawa, har inda ido ya ga lafiya. A nan ma an ja mana rai: asibitin ba shi da mai duba tsoka, waje suke aikawa, ranar da suka ce ta wuce, ni ce mai kira kullum, kuma kowane kira sai na sake ba da labari daga farko ga sabon mutum. Da ya zo, ya nuna kumburi ne daɗaɗɗe, 'yan ramukan fatar hanjin sun karkace wasu sun tara ruwan ciwo, babu amiba, babu ƙwan tsargiya, babu irin dunƙulen da ke nuna tarin fuka ko Kron.

Ranar da za ta faɗa mana, mun tafi da Hajiya. Na ji daɗin yadda likitar ta yi da ita. Ta gaishe ta da ladabi, ta kira ta Mama, ta yi bayanin da Hausa tsantsa ba tare da ta raina jiƙon da aka ba yaron ba. Hajiya ta tambaya, "'Yar nan, ko wani abin aka ba shi ya ci?" Ta ce a'a Mama, ba sammu ba ne, ba abincin gidan ba ne, ba kuma a ɗaukarsa, ƙannensa su ci kwano ɗaya da shi. Garkuwar jikinsa ce, wadda ya kamata ta yaƙi cuta, ta juya tana yaƙar fatar hanjinsa, kuma gado da yanayin rayuwa da ƙwayoyin da ke zaune a hanji duk suna da hannu. Ba ta yi mana alkawarin warkewa ba. Ta ce ciwo ne mai kwanciya ya tashi, magani yana kwantar da shi shekaru, yaro ya yi karatu ya yi girma, amma ba a daina shan maganin don an ga sauƙi. Hajiya ba ta so wannan ba. Ni ma haka. Amma na gwammace shi da wanda zai ce mini kwalba uku ta isa.

An fara masa mesalazin, maganin kwantar da kumburin hanji, aka haɗa da firednisolon, mai danne garkuwar jiki, na ɗan lokaci ana rage shi a hankali, da maganin ƙarin jini. Firednisolon ya kumbura masa kumatu ya sa shi ci kamar ba gobe, an gaya mana tun kafin a fara don haka ba mu firgita ba. Makinsa ya sauko ƙasa da 10, ya koma ƙwallo. Ta rubuta mana alamun da in mun gani mu taho ko tsakar dare ne: zazzaɓi, jini mai yawa, ciki ya kumbura ya yi tauri, amai, ko zagayawa fiye da sau 8 a yini. Ta ja kunnenmu kan maganin tsayar da gudawa na kemis, ta ce a lokacin da ciwon ya tashi yana iya sa hanji ya buɗe ya daina motsi, abin da kan kai ga tiyata. Ta kuma rubuta wa makarantarsu wasiƙa cewa a bar shi ya fita banɗaki ba sai ya ɗaga hannu ba. Ba mu roƙa ba, kuma ba a caje mu ba.

Batun kuɗi: daga kati zuwa sakamakon tsoka, abin ya haura albashina na wata biyu, kuma ba a taɓa ba mu jimillar a dunƙule ba. Kowane mataki da nasa rasit, sai ka biya wannan ka ji akwai wancan. Da sun faɗa tun farko da mun san yadda za mu shirya, maimakon Babansa ya riƙa fita baranda yana kiran 'yan uwa. Mesalazin kuma sau da yawa babu shi a kantin maganinsu, in akwai ya fi na waje tsada, yanzu a wani babban kantin magani muke saye, muna ajiye na wata guda gaba saboda yakan yanke a kasuwa.

Ba kowane yaro mai kashin jini ne zai je can ba. Atinin kwana uku asibitin unguwa ya ishe shi. Jariri mai ɗigon jini a kashi sau da yawa madarar shanu ce ba ta karɓe shi ba, yaro mai taurin kashi kuma tsagewar dubura ce. Amma in jini da majina sun wuce makonni, an yi maganin atini daidai bai tafi ba ko yana ta dawowa, yaro yana tashi cikin dare, yana ramewa, yana ɗashewa, to a nemi likitan yara da ya san hanji, a wannan asibitin ko a asibitin koyarwa, inda kuɗin ya fi sauƙi ko da layin ya fi tsawo. A tafi da duk kwalaye da takardun magungunan da yaro ya sha, da katin rigakafinsa mai nauyinsa na baya, da 'yar takarda da aka rubuta zagayawarsa na mako guda, dare da rana. Wanda zai je wannan asibitin ya nemi jimillar kuɗi a rubuce kafin ya biya na farko, ya karɓi lambar wata nas da hannunsa kafin daren wankin hanji, ya kuma tafi da butarsa.